Gadon da hukuma ta raba: me ya sa baƙaƙen fatar Amurka ke baya a dukiya

Duk lokacin da zancen wariyar launin fata a Amurka ya taso a tsakanin mutanenmu, akwai amsar da ba ta jimawa ba ta fito ba. Wani zai ce ai an soke dokokin wariya tun 1964, baƙar fata ya mulki ƙasar har wa'adi biyu, ga 'yan Najeriya can a Houston da Atlanta sun zama likitoci da injiniyoyi, to me kuma ya rage? In baƙaƙen Amurka na baya, su tuhumi kansu. Maganar tana da daɗin faɗa, kuma akwai ɗan guntun gaskiya a cikinta da zan koma kansa. Amma a ganina kuskure ce, kuma kuskuren daga wajen awo ya samo asali. Ana auna albashi da shahara, alhali ciwon yana wajen dukiya, wato abin da iyali suka mallaka bayan an cire bashin da ake bin su.

Babban Bankin Amurka yana binciken dukiyar iyalai duk bayan shekara uku. A binciken 2022, idan aka jera iyalan fararen fata daga mafi talauci zuwa mafi arziki, iyalin da ya faɗo tsakiya yana da dukiyar dala 285,000. Takwaransa na baƙaƙen fata yana da dala 44,900. A wajen kuɗin shiga kuwa tazarar ba ta kai haka ba, domin in gidan farar fata ya samu uku a shekara, na baƙar fata kan samu wajen biyu. To uku da biyu a albashi, shida da ɗaya a dukiya. Duk wanda zai yi muhawara a kan wannan batu da gaskiya, sai ya bayyana dalilin da ya sa tazara ta biyu ta ninka ta farko haka.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan bambancin mai albashi da mai gidan gado. Ma'aikata biyu suna ɗaukar albashi ɗaya, ɗaya yana zaune a gidan da kakansa ya bari, ɗaya yana biyan haya, bayan shekara ashirin kowa ya san inda za su tsaya. A Amurka abin ya fi haka tsanani, saboda komai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sayen gida sai da kafin alƙalami, kuma ma'aurata da yawa iyaye ne ke ba su shi. Karatun jami'a ko dai iyaye su biya, ko yaro ya fito da bashin da zai yi shekaru yana biya. In aiki ya tsaya wata uku, mai ajiya ya ci daga ajiyarsa, marar ajiya ya faɗa bashin katin banki mai ruwan da ya haura kashi 20 cikin 100. In ɗa ya faɗa hannun 'yan sanda, kuɗin beli da na lauya ne ke raba wanda zai kwana a gida da wanda zai rasa aikinsa yana tsare. Dukiya tana haihuwa, kuma ana gadonta. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: su waye suka samu jarin farko, kuma wa ya raba shi?

Amsar tana rubuce a dokokin ƙasar. A watan Afrilun 1862, da aka 'yanta bayin birnin Washinton, gwamnati ta biya diyya har dala 300 a kan kowane bawa, amma iyayen gijin aka biya. A wannan shekarar kuma aka yi dokar rabon filaye wadda ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili shekara biyar eka 160, kusan kyauta. A ƙarƙashinta an raba eka miliyan 270, wajen kashi ɗaya cikin goma na faɗin ƙasar, kuma kusan duk fararen fata ne suka samu. A watan Janairun 1865, gab da ƙarshen yaƙin basasar ƙasar, Janar Sherman na rundunar gwamnati ya ba da umarnin a yanka wa iyalan bayin da aka 'yanta eka 40 kowanne a gaɓar tekun Karolina ta Kudu da Jojiya da Florida. Mutum kusan 40,000 suka zauna suka yi shuka. Shekarar ba ta ƙare ba Shugaba Andrew Johnson ya mayar da filayen ga waɗanda suka yi wa ƙasar tawaye. Mutum miliyan huɗu suka fito daga bauta hannu rabbana, akasarinsu suka koma noman raba daidai a gonakin da suka baro, da bashin kanti da ba ya ƙarewa.

Wani zai ce wannan tsohon zance ne. To mu matso zamanin da wasu da suka gan shi suna nan da ransu, domin a nan ne aka ƙera arzikin talakan Amurka na yau.

Kafin 1934, mai son sayen gida da bashin banki sai ya ajiye kusan rabin kuɗin, sauran kuma ya biya cikin shekara biyar zuwa goma. Leburan masana'anta ba shi da wannan ƙarfin. A 1934 gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar gidaje ta tarayya, FHA. Ita hukumar ba ta ba da bashi, tsaya wa mai karɓar bashi take yi: in ya kasa biya, ita za ta biya banki. Da wannan lamunin bankuna suka yarda da kafin alƙalami na kashi 20, daga baya kashi 10, aka kuma miƙe biya zuwa shekara 20, sannan 25, sannan 30. Kuɗin wata ya sauko har ya zo daidai da haya, wani wurin ma ƙasa da haya. Masu gidan kansu suka tashi daga kashi 44 cikin 100 a 1940 zuwa kashi 62 a 1960.

Amma lamunin yana da sharaɗi. Sai jami'in hukumar ya je ya duba unguwa ya ba ta maki, kuma littafin ƙa'idar da aka ba shi ya ce cakuɗuwar jinsi tana karya darajar gida. Littafin ya ma ba da shawarar a rubuta a takardar mallaka cewa ba za a sayar wa wanda ba farar fata ba. Unguwar da baƙaƙe ke zaune, ko suke kusa da ita, ba ta samun lamuni, banki kuma ba ya ba da bashi inda babu lamuni. Daga 1934 zuwa 1962 gwamnati ta tsaya wa bashin gidaje na kimanin dala biliyan 120, abin da ya je hannun waɗanda ba fararen fata ba bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Wannan shi ne abin da ake kira shata jan layi, sunan da ya samo asali daga taswirorin da wata hukumar, HOLC, ta zana wa birane fiye da ɗari biyu, inda kore ke nufin unguwa mafi kyau, ja kuma ke nufin haɗari.

A arewacin birnin Detroit akwai wata katanga ta kankare, tsayinta ƙafa shida, tsawonta kamar rabin mil, ta bi ta bayan gidaje kusa da titin Eight Mile. A 1941 aka gina ta. Wani mai gina gidaje ne ya nemi lamunin FHA don ya yi wa fararen fata unguwa, aka hana shi saboda akwai baƙaƙe a maƙwabta. Da ya tsaga wannan katanga tsakani, sai aka amince. Ba ta tare ɓarawo, ba ta tare ruwa, yaro ma yana iya haura ta. Aikinta kawai ta nuna wa jami'in gwamnati inda kuɗin gwamnati zai tsaya. Har yau tana nan, an yi wa wani ɓangarenta zane da fenti a gefen wani filin wasan yara.

Gab da ƙarshen yaƙin duniya na biyu aka ƙara da dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944, mai tsaya musu su samu bashin gida ba tare da kafin alƙalami ba, mai kuma biyan kuɗin makaranta. A rubuce babu maganar launi a cikinta. Amma shugaban kwamitin da ya tsara ta a majalisar wakilai, John Rankin na jihar Misisipi, ya tabbatar an bar aiwatarwa a hannun jami'ai da bankunan gari. A 1947 an ƙirga bashin da aka ba tsofaffin sojoji a garuruwa 13 na Misisipi, guda 3,229, biyu ne kacal suka je hannun baƙaƙe. A Levittown da ke jihar New York an gina gidaje sama da 17,000, ana sayar da ɗaya a kan kimanin dala 8,000, kuma takardar shiga ta hana baƙar fata zama sai in ɗan aikin gida ne. Dala 8,000 ta wancan lokaci ba ta wuce dala 100,000 ta yau da wani abin kirki ba, amma gidajen yanzu ana sayar da su ninkin wannan sau da yawa. Wannan ribar ita ce ta biya wa jikoki kuɗin jami'a, ita ce kafin alƙalamin da suka sayi nasu gidajen.

Shi kuma baƙar fatar da banki ya ƙi, ina ya nufa? A Shikago ya faɗa hannun masu sayar da gida bisa yarjejeniya, kuma yana da kyau a fahimci yadda wannan cinikin yake, domin ya nuna cewa ba hana su kawai aka yi ba, har tatsar su aka yi. Dillali zai shiga layin fararen fata ya baza cewa baƙaƙe na shigowa, farashi zai karye. Masu gida su tsorata su sayar masa da araha. Sai ya juya ya sayar wa baƙar fata a kan kusan ninki biyu. Mai saye zai ba da kafin alƙalami, ya riƙa biya duk wata da ruwa mai yawa, amma takardar gida tana hannun dillali har sai an biya kobo na ƙarshe. Gyara da haraji da inshora duk a wuyan mai saye suke, kamar mai gida. In ya kuskure biyan wata ɗaya kuwa, matsayinsa na ɗan haya ne: a fitar da shi, duk abin da ya biya ya tafi, a sake sayar da gidan ga wani. Don kada hakan ta faru, maigida ya kama aiki na biyu, uwargida ta kama aikin dare, a yanka ɗakuna a zuba 'yan haya, rufi ya yi yoyo a bar shi saboda babu rarar kuɗi. Daga nan sai masu wucewa su nuna unguwar su ce ga yadda baƙaƙe ke lalata wuri. Wani bincike da aka fitar a 2019 ƙarƙashin jami'ar Duke ya ƙiyasta cewa kashi 75 zuwa 95 cikin 100 na gidajen da baƙaƙe suka saya a Shikago a shekarun 1950 da 1960 ta wannan hanya ne, kuma abin da aka kwashe daga aljihunsu ya kai dala biliyan 3 zuwa 4 a kuɗin yau.

An sa hannu a dokar hana wariya a harkar gidaje ranar 11 ga Afrilu, 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King. Doka ce mai muhimmanci, amma abin da ta yi shi ne ta ce daga yau kada a sake. Ba ta mayar wa kowa ko dala ɗaya ba, kuma haƙoranta na hukunci sai a gyaran 1988 suka fito. Kafin nan rabo ya riga ya ƙare, gidajen bayan gari sun yi tsadar da ɗan leburan da aka hana ubansa ba zai iya taɓawa ba. Ƙananan hukumomin waɗannan unguwanni kuma suna da dokokin gini da ba su ambaci launi ba amma suna aikin tsohuwar katanga: kada a gina bene mai ɗakunan haya, kada fili ya gaza kaza. Makarantun gwamnati kuwa wani babban kaso na kuɗinsu daga harajin gidajen unguwa yake fitowa, unguwa mai tsada ta tara da yawa ko da harajinta kaɗan ne. A 1973 Kotun Ƙoli, da ƙuri'a biyar da huɗu, ta ce wannan tsari bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Yau wajen kashi 74 cikin 100 na iyalan fararen fata suna da gidan kansu, na baƙaƙe wajen kashi 45. Tazarar ba ta ragu daga yadda take a 1960 ba, lokacin da wariya halal ce a doka.

Wannan shi nake nufi da wariyar da ta shiga tsari. Ba sai ma'aikacin banki na yau ya ƙi jinin kowa ba. Ya isa ya bi ƙa'ida: nawa ka ajiye, wa zai tsaya maka, nawa gidajen unguwarku suke yi. Kowace tambaya a cikinsu tana da hujja, kuma kowace amsa an rubuta ta tun zamanin kakanni.

Akwai wata asarar da za ta yi wa mai karatu kama da abin da ya sani, wato gonar gado marar takarda. A 1910 baƙaƙen manoma sun mallaki eka kusan miliyan 16, akasari a kudu, kuma a ƙarnin da ya biyo baya mafi yawanta ta suɓuce. Da yawansu sun mutu ba su bar wasiyya a rubuce ba, saboda lauyoyi da kotunan yankin ba wuraren amincewa ba ne a gare su. A dokar jihohin, in haka ta faru, gona takan zama ta dukan magada a dunƙule, kowa da kasonsa amma babu mai iya nuna gefensa. Bayan jikoki da tattaɓa kunne, magada sun kai hamsin, wasu suna Shikago ba su taɓa ganin gonar ba. Banki ba ya karɓar irin wannan gona jingina, tallafin ma'aikatar gona ma yana wuyar samu. Sai mai neman fili ya lalubo magaji ɗaya mai buƙatar kuɗi ya sayi ɗan kasonsa. Da ya zama mai kaso, doka ta ba shi damar zuwa kotu ya nemi a raba. Alƙali ya ce gonar ba ta rabuwa hamsin, a yi gwanjonta. A wurin gwanjo kuɗi hannu ake so, dangi ba su da shi, shi yana da shi, ya saye duka da arha. Sai a 2010 aka tsara wata doka da ta ba dangi damar fara sayen kason mai son fita, ta kuma wajabta a ƙiyasta kimar gona a sayar a kasuwa maimakon gwanjo. Jihohi fiye da ashirin sun karɓe ta, bayan ɓarna ta riga ta yi nisa.

Duk wannan bai nuna cewa wariyar ido da ido ta ƙare ba. Ana gwada ta, kuma hanyar gwajin mai sauƙi ce: a aika takardun neman aiki iri ɗaya, a canza suna kawai. A gwajin da aka buga a 2004, an aika takardu kusan 5,000 a Boston da Shikago, sunaye irin na fararen fata suka samu kira da rabi fiye da irin na baƙaƙe. A birnin Milwaukee, wata masaniya mai suna Devah Pager ta tura matasa da ƙafarsu neman aiki: farar fatar da ya ce ya taɓa zaman gidan yari an kira shi a kashi 17 cikin 100, baƙar fatar da bai taɓa laifi ba a kashi 14. A harkar bashi kuma, bayan rushewar kasuwar gidaje ta 2008, kamfanin bashin gidaje na Countrywide ya amince da biyan dala miliyan 335 a 2011, bankin Wells Fargo kuma dala miliyan 175 a 2012, kan zargin da ma'aikatar shari'a ta yi musu na caje baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka fiye da fararen da ke da cancanta ɗaya, da tura su ga bashi mai tsada.

Masu ja da wannan fahimta ba duka ne masu mugun nufi ba, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi. Masanin tattalin arziki Thomas Sowell, wanda shi ma baƙar fata ne, ya daɗe yana nuna cewa talauci a tsakanin baƙaƙe ya faɗi daga kashi 87 cikin 100 a 1940 zuwa 47 a 1960, kafin dokokin 'yanci, kuma yana ɗora laifin abin da ya biyo baya a kan rushewar iyali. Gaskiya ne cewa wajen kashi 70 cikin 100 na jariran baƙaƙe yanzu ana haifarsu ba a cikin aure ba, kuma duk mai cewa wannan ba ya cutar da yara yana yaudarar kansa. Gida mai hannu biyu ya fi gida mai hannu ɗaya. Sai dai hujjar ba ta kai inda ake son kai ta ba. Wani masanin, Raj Chetty, da abokan aikinsa sun bi yara miliyan 20 ta takardun haraji da na ƙidaya. A cikin yara mazan da suka tashi a gidajen kashi ɗaya cikin biyar mafi samu, fararen fata 39 cikin 100 sun zauna a sama, 10 suka faɗo ƙasa can. A baƙaƙe 17 ne suka zauna a sama, 21 suka faɗo. Da aka kwatanta yaran da suka tashi da uwa da uba, masu ilimi ɗaya, har a layi ɗaya, tazarar ta ragu kaɗan ne kawai. Abin lura kuma, 'yan mata baƙaƙe da farare da iyayensu ke samu ɗaya, su ma samunsu kusan ɗaya ne in sun girma. Wannan ya rushe zancen masu cewa a jini abin yake, domin uwa ɗaya ce ta haifi macen da namijin. Ya kuma nuna inda ya kamata a sa ido: abin da ke samun yaro namiji baƙar fata a makaranta, a titi da gaban alƙali. Daga 1986 zuwa 2010, giram 5 na hodar iblis ta dutse, wadda aka fi kama baƙaƙe da ita, yana jawo ɗaurin shekara biyar daidai da giram 500 na ta gari. Uban da ke kurkuku ba ya cikin gida, kuma ba za a ƙirga rashinsa a matsayin al'ada kawai ba.

Hujja ta biyu ita ce matsalar ta aji ce, ta mai shi da marar shi. Ita ma tana da gaskiyarta. Fararen fata matalauta sun fi baƙaƙe matalauta yawa a ƙidaya, kuma mafi yawan dukiyar fararen tana hannun 'yan tsirarun da ke sama. Mai haƙar kwal a tsaunukan Appalachia bai gaji komai daga Levittown ba. Na yarda da wannan har zuwa inda zan ce duk maganin da ya manta da shi ba zai samu ƙuri'a ba, kuma bai cancanci ya samu ba. Amma alƙaluman da na fara da su na iyalin tsakiya ne, attajiran sama ba su shiga ciki ba, kuma tazarar tana nan a kowane mataki na ilimi da na albashi.

Sai batun 'yan Najeriya, wanda ya fi shafar mu. Gaskiya ne fiye da rabin manyan da aka haifa a Najeriya suke zaune a Amurka suna da digiri, abin da ya fi na Amurkawa gaba ɗaya. Amma wa ke samun biza? Ƙofar ta buɗe ne bayan dokar shige da fice ta 1965, wadda ita kanta 'yar gwagwarmayar baƙaƙen Amurka ce, kuma masu shiga ta cikinta sai sun nuna takardar karatu, ko aiki, ko kuɗin banki, ko ɗan'uwa mai tsaya musu. Ko cacar biza, lokacin da 'yan Najeriya ke iya shiga ta, sai da shaidar gama sakandare ko ƙwarewar sana'a, da kuɗin jirgi. An tace mutum miliyan ɗari biyu da ɗoriya an ɗebi na sama, da yawansu ƙasarsu ta riga ta ɗauki nauyin karatunsu na likita ko injiniya, sannan ana gwada su da al'umma sukutum, da mai ƙarfinta da marar ƙarfinta. In aka ɗebi likitocin baƙaƙen Amurka kaɗai aka kai Kano, su ma za su fi kowa. Nasarar ɗan ci-rani ta nuna cewa baƙar fata mai digiri yana iya samun aiki mai kyau a Amurkar yau, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Ba ta ce komai ba game da gadon da aka hana wasu. Yana kuma ɓata mini rai in ji wanda ya shiga ta ƙofar da wasu suka sha duka da ɗauri kafin ta buɗe, yana kiran jikokinsu malalata.

Su ma masu goyon bayan ra'ayina suna da nasu sakacin. Akwai masu kiran kowace tazara wariya ba tare da nuna ta inda ta bi ba, wannan kuwa yana ba abokin muhawara hanyar kuɓuta. Masana tarihin tattalin arziki irin su Price Fishback sun nuna cewa taswirorin HOLC da ake yawan yaɗa hotunansu ba su ne suka yi babbar ɓarna ba, ita HOLC ma ta ba baƙaƙe bashi, aikin FHA ne ya fi yin illa. Ya kamata a karɓi wannan gyara. Haka kuma babban gwajin da Patrick Kline da abokansa suka yi da takardu 83,000 zuwa manyan kamfanoni 108 ya gano cewa wariyar ba ta bazu daidai ba: kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin ne ke da alhakin kusan rabinta, wasu kuma ba a ga komai a wajensu ba. Wannan labari ne mai amfani, domin abin da ke da adireshi ana iya aika masa masu bincike da sammaci.

In ciwon na dukiya ne, maganin ma sai ya taɓa dukiya. Fifikon da ake ba baƙaƙe wajen shiga jami'a, wanda aka yi shekara hamsin ana rigima a kansa har Kotun Ƙoli ta soke shi a watan Yunin 2023, ya shafi 'yan ƙalilan ne da ke neman manyan jami'o'i, bai taɓa sa gida a hannun kowa ba. Wani bincike da Ellora Derenoncourt ta jagoranta ya nuna tazarar dukiya ta sauko daga kusan sittin da ɗaya a 1860 zuwa goma da ɗaya a 1920, zuwa bakwai da ɗaya a shekarun 1950, daga nan ta cije a wajen shida. Dalilin cijewar lissafi ne: dukiyar fararen ta fi yawa a hannun jari, wanda ya fi gida saurin haihuwa, kuma ko da ribar kowa ɗaya ce, mai shida yana ƙara shida duk lokacin da mai ɗaya ya ƙara ɗaya.

Ni ina goyon bayan diyya, kuma ƙasar ta san yadda ake yin ta. A 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu aka biya kowane Ba'amurke ɗan asalin Japan da aka tsare lokacin yaƙi, wanda yake raye, dala 20,000 tare da neman gafara. Ƙudurin da ɗan majalisa John Conyers ya fara gabatarwa a 1989, wanda nazarin batun diyyar baƙaƙe kawai ya nema, har yau bai wuce majalisa ba. Garin Evanston a jihar Illinois ya fara nasa a 2021: dala 25,000 ga baƙar fatar da ya zauna a garin tsakanin 1919 da 1969 ko zuriyarsa, daga harajin tabar wiwi. Ƙarfin tsarin shi ne ya ɗaure biyan da takamaiman laifi, a takamaiman wuri da lokaci. Rauninsa shi ne kuɗin na shigowa a hankali, tsofaffi na mutuwa a layi, kuma tun 2024 an kai shi kotu bisa zargin cewa shi ma wariya ne.

Hanyar da ta fi tsira daga kotu ita ce asusun jarirai, wanda masana irin su Darrick Hamilton da William Darity suka daɗe suna kira a yi. Jihar Connecticut ta fara a watan Yulin 2023: duk jaririn da aka haifa a ƙarƙashin inshorar lafiyar marasa ƙarfi, baƙi ko fari, jiha za ta zuba masa dala 3,200 a juya. Daga shekara 18 zuwa 30 yana iya karɓa, amma don sayen gida, ko karatu, ko jarin sana'a, ko ajiyar tsufa kawai. Da yake talauci ya fi yawa a gidajen baƙaƙe, kuɗin zai fi zuwa wajensu ba tare da an ambaci launi ba, kuma ɗan matalaucin farar fata ma ya samu. Jihar tana hasashen kuɗin zai kai dala 11,000 zuwa 24,000, gwargwadon lokacin da aka cire. 'Yan farko za su cika shekara 18 a 2041, tazarar da ake son cikewa kuwa a lissafin 2022 dala 240,000 ce a kowane gida.